Wa ya taɓa taka Maradi da ƙafa ya duba?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka girme ni a garin nan. Babur ɗina yana wurin mai gyara, kuɗin kabu-kabu kuma ya ishe ni, sai na koma tafiya aiki da ƙafa. Daga Mokoyo in ratsa ta gaban fada, in ɓulla kasuwa, wani lokaci in zarce Sabon Gari. Akwai wani gida da kullum nake ɗauka mangaza ce. Ran Lahadi da safe sai na ji waƙa na tashi daga ciki, da Hausa tsantsa, har da ganga. Na ɗaga kai, ga ɗan gicciye na ƙarfe bisa ƙofa, bai fi tafin hannu ba. Tun daga nan idona ya buɗe, na riƙa ganin irinsu nan da can, wasu da allo, wasu ko allon babu. Ban da su na ga wata rijiya da aka rubuta shekara a simintin bakinta tun yana ɗanye, da wani tsohon sikeli na ƙarfe a jingine bayan wani kanti, awaki na kwana ƙarƙashinsa. Yaushe waɗannan coci-coci suka fara a Maradi? Kuma don Allah, ina ne ainihin tsohon gari?

Baƙon Damagaram:
Tsohon gari a Maradi? Ɗan'uwa ka hau mota ka zo Zinder mu zagaya da kai Birni, ka ga fada da gidajen ƙasa masu zane, ka ga inda aka mulki Nijar kafin a mai da babban birni Yamai a 1926. Ku dai ku riƙe kasuwa, ita Allah ya ba ku.

Hajiya Mai Atamfa:
Kasuwar da kuke zuwa sari kuna roƙon a yi muku ragi.

Mushe Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Baƙon Damagaram ba'a yake yi, amma ya taɓo gaskiya. Garin da kake takawa yau ba shi ne Maradin farko ba. Na farko can ƙasa yake, cikin fadama, bakin Gulbi. A ƙarshen damanar 1945 ruwa ya zo ya ci shi, gidajen ƙasa sunka narke, sai Nasara sunka hau da mutane bisa tudu sunka yanka musu filaye. Shi ya sa kake ganin titunanmu a miƙe, wanga ya ratsa wancan, ba irin lungunan Katsina ko na Birnin Damagaram ba da baƙo ke ɓacewa ciki. Filin Ɗan Kasawa da fada da ke bakinsa duk na bayan ruwan ne.

Abin da ya hau tudu tare da mutane shi ne unguwanninsu. Bagalam, Ɗan Gulbi, Maradawa, 'Yandaka, Limanci, Hasau, da taku Mokoyo, su ne tsofaffin. Mutane sun sake zama kusa da waɗanda sunka saba da su, kowa da mai unguwarsa. Don haka in kana neman tsufa kada ka tsaya duban bango, bangon bai kai shekara ɗari ba. Ka tambayi gidan wa ke kusa da gidan wa, kuma don mi.

Ɗan Mokoyo:
Baba na gode. To shi wurin na ƙasa, akwai abin da ya rage?

Hajiya Mai Atamfa:
Gonaki da garake ne yanzu, ɗana. Kakata tana da wuri can, muna yara in an yi huɗa mukan tsinci katanga-katangan tukwane, wani lokaci dutsen niƙa. Takan tsaya ta nuna da sanda ta ce nan ne gidan wane, can ne aka yi bikina. Mu kuwa ba abin da muke gani sai dawa da itatuwan mangwaro. Allah ya jiƙanta, ta tafi da taswirar garin duka a kanta.

Bagobirin Tsibiri:
Ku Katsinawa kullum ruwa ya ci, ruwa ya ci. Ku hwaɗa mishi tun hwarko mana, gudun hijira ya kawo ku nan, awa yadda yak kawo mu.

Mushe Mai Ritaya:
Ba mu ɓoye ba, Bagobiri. Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807, sarautar Haɓe ta yi ta gararamba, har Ɗan Kasawa ya zo ya zauna nan wajen 1819. Shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai Maradi, kuma manyan fada su ne dai na can, Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi. Ku kuma Alkalawa ta faɗi a 1808, Tsibiri ba ta kafu ba sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ko a gudun mun riga ku samun masauki.

Ɗan Yamai:
Bagobiri, a kore ka daga gida, ka zo kuma maƙwabci ya riga ka shimfiɗa tabarma. Sannu bawana.

Bagobirin Tsibiri:
Wa yas sa Bazabarme cikin zancen sarauta? Admin a hidda shi.

Jikar Mishan:
Bari in amsa rabin tambayar da aka bari, tunda ni cikin abin aka haife ni. Yaya Ɗan Mokoyo, in ka ji ana waƙa da Hausa tsantsa, galibi ba baƙi ba ne, mu ne 'yan ƙasa. Mishan ɗin SIM, wata ƙungiyar masu wa'azin Kirista, sun shigo Nijar ta Zinder a 1924, kafin shekarun 1920 su ƙare sun zauna a Tsibiri. Can aka fara a yankin nan, kafin cikin garin Maradi. Kakana daga wani ƙauye na wajen yake, ciwon ƙafa ya kai shi wurinsu neman magani, ya zauna ya koyi karatun boko da Hausa, ya zama mai bi. 'Yan'uwansa duk musulmi ne, har yau muna zuwa sunansu suna zuwa namu.

Su waɗannan mishan ɗin daga Amurka da Kanada da ƙasashen masu Ingilishi suka fito, ta Najeriya suka biyo, kuma da Hausa suke komai. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, da shi suke koyarwa. Faransawa ba su taɓa sakin jiki da su ba, suna ganin mutanen Ingila ne suka shigo musu ta bayan gida, balle lokacin yaƙin duniya na biyu. Makaranta kuma Faransa ta ce sai da Faransanci. Wajen samun 'yancin kai ne ikilisiyoyin suka tsaya da ƙafarsu da sunan EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, daga baya aka rarrabu, shi ya sa za ka ga ƙananan majami'u biyu ba nisa da juna, waƙoƙinsu ɗaya, shugabanninsu daban.

Ɗan Mokoyo:
Ikon Allah. Ni duk zatona na Ibo ne da mutanen Kwatano.

Jikar Mishan:
Akwai nasu, kuma kunne ma yana rarrabewa. Na 'yan Najeriya masu sayar da kayan gyaran mota da magani za ka ji lasifika da jita da Ingilishi, allonsu babba da hoton fasto da matarsa, galibi gidan haya ne ko shago aka gyara. Irin waɗannan sun yawaita ne daga shekarun 1990. Namu tsofaffin ba ruwansu da ado. Bencin katako, maza gefe mata gefe, zumuntar mata da ɗaurin zane iri ɗaya, ganga da kacau-kacau. In ka shiga ba ka ga gicciyen ba sai ka ce taron biki ne a ƙauye.

Tela Ɗan Kwatano:
Tunda an ambace mu. Ni a Sabon Gari aka yanke mini cibiya, babana ne ya zo daga Dahome aikin akawu zamanin gujiya. Mu Katolika ne, babbar majami'armu ita ce Notre-Dame de Lourdes. Mutane da yawa suna wucewa ba su san matsayinta ba. Tun 2001 Maradi take da bishop nata, Ambroise Ouédraogo ne na farko, mutumin Burkina, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta haɗa Tawa da Damagaram da Agadas da Difa. Wato daga nan har iyakar Libiya da Cadi, kujerar tana garin nan. Baƙon Damagaram, ka ji, ko a nan ƙarƙashinmu kuke.

Sikelin da ka gani kuwa, ɗan'uwa, irinsa babana ya yi aiki da shi. Da kaka manoma ke kawo gujiya a kan jakuna da raƙuma, a auna, a ɗinke buhu, a tara ta tsibi-tsibi, motoci su kwashe zuwa Kano inda jirgin ƙasa yake. Kamfanonin Faransa irin CFAO da SCOA ne ke saye ta hannun 'yan gari, da yawa cikin alhazan farko na garin nan da wannan awon suka tashi. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA ta karɓi cinikin. Farin 1973 da 1974 ne ya karya gujiya, alhazai suka juya wajen fataucin kan iyaka.

Abu Huzaifa:
Ni fa ban gane inda zancen nan ya dosa ba. Garin musulmi, garin malamai, masallatai sun fi a ƙirga, amma an zauna ana lissafa coci ana yaba benci. Me zai ƙare mu da shi? In tarihi ake so a yi na malaman Limanci, a yi na Ɗan Baskore da ya yi wajen shekara ashirin yana riƙe da garin nan, a yi na kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin Madarunfa. Yaranmu na cikin zauren nan suna karantawa.

Hajiya Mai Atamfa:
Kai da nake ji kullum kana cewa zuwa kaburburan Madarunfa bidi'a ne, yau kuma su ne abin kafa hujja?

Abu Huzaifa:
Hajiya ban ce a je a roƙa ba, cewa na yi tarihi ne.

Hajiya Mai Atamfa:
To shi ma yaron bai ce a je a yi sujada ba.

Almajirin Limanci:
Malam Abu Huzaifa, Allah ya ƙara kishin addini. Amma sanin abin da ke unguwarka ba yarda da shi ba ne. Ka duba Suratul Hajji aya ta 40, Allah ya ambaci wuraren ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai a cikin abin da ake karewa daga rushewa. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha wurin Najjashi yana Kirista, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina. Ni na yi shekaru ina karatun dare a wani zaure da bangonsa ke jingine da gidan wani fasto. In wuta ta ɗauke matarsa ke miƙo mana fitila ta kan katanga. Ba wanda ya sauya addini a cikinmu, ba kuma wanda ya nemi wani ya sauya.

Zancen malaman Limanci kuwa na karɓa hannu biyu. Ka buɗe shi gobe, ni zan fara kawo abin da na ji wurin malamina.

Abu Huzaifa:
Na ji ayar, ban musa ba. Amma kowa ya san maganin da karatun da suke bayarwa ba don Allah ya isa ba ne, hanya ce ta jan mutane. Wannan ma a faɗa cikin tarihin.

Jikar Mishan:
A faɗa mana, Malam, ai su ma ba su ɓoye ba, wa'azi ya kawo su. Sai dai ka duba lissafin. Asibitin Galmi tun 1950 yake aiki, na kutare a Danja kan hanyar Ɗan Isa tun 1956. Mutum nawa suka kwanta can cikin shekarun nan, mutum nawa kuma suka fito Kirista? Da magani na sauya addini da yanzu rabin Gobir da Katsina na zuwa majami'a. Mu ɗin dai 'yan kaɗan ne, yadda muke tun farko.

Manomin Jiratawa:
Ni abin da na sani game da su na gona ne. Sassabin zamani da kowa ke yi yanzu, a bar kututture ya tofo a zaɓi reshe biyu ko uku a gyara, maimakon a ƙone gona ƙurmus, daga wajen mutanen mishan na Maza Tsaye ya bazu a shekarun 1980. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya dage a kai, bayan yunwar 1984 mutane suka fara karɓa. Babana da farko dariya ya yi, ya ce gonar malalaci ce mai itace a tsakiya. Yau gawo da kalgo da ke gonarmu su ke ba mu itacen girki da abincin awaki da rani. Ba a ce mana mu bar salla ba kafin a nuna mana.

Ɗan Mokoyo:
Wallahi na ƙaru. Ina da hotunan wuraren da na gani, har da ɗan gicciyen. In jera su nan da sunan unguwa da kwatance, kowa ya ƙara nasa, mu samu kamar taswira?

Jikar Mishan:
Yaya don girman Allah kada ka sa.

Ɗan Mokoyo:
Subhanallahi, na yi laifi ne?

Jikar Mishan:
Ba ka yi ba, niyyarka mai kyau ce. Amma ka tambayi kanka abin da ya sa gicciyen bai fi tafin hannu ba. A watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar bikin nuna tufafi na FIMA, an kai wa majami'u hari a garin nan, har gidan Iya, mai sarautar mata ta fada, bai tsira ba. A Janairun 2015 kowa ya ga yadda aka ƙona majami'u a Zinder da Yamai. A Yunin 2019 an sa wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya. Duk waɗannan ba mu muka jawo abin da ya tada su ba, amma ƙofarmu aka nufa. Maƙwabtanmu sun san inda muke, kuma sau da yawa su ne ke tsayawa bakin ƙofa su ce ba a nan ba. Wanda nake tsoro shi ne wanda bai san unguwar ba, aka tura masa hoto da kwatance a waya ranar da gari ya ɗau zafi. Hoto in ya fita zauren nan ba mai iya kiran shi ya dawo.

Tela Ɗan Kwatano:
Ni ban cika yarda da ƙanwata a nan ba. Ɓuya ce ke sa a ɗauke mu baƙi. Ga shi ɗan Mokoyo da aka haifa a garin nan bai san akwai Bahaushe Kirista jikan Kirista a bayan gidansu ba. In ba a san ka ba, ranar da aka taɓa ka ba wanda zai ji an taɓa ɗan gari. Tamu majami'ar kowa ya san inda take, makarantar mishan kuma 'ya'yan alhazai sun fi namu yawa a ciki.

Jikar Mishan:
Taku tana da katanga da ƙofar ƙarfe da bishop da gwamna ke amsa wayarsa, Yaya. Tamu tana da kwano da makulli na jaka ɗaya. A san da mu, na yarda, shi ya sa na yi dogon bayani a sama. A san ƙofarmu ta hanyar hoton da ke yawo, wannan daban ne.

Abu Huzaifa:
A nan kam ina tare da ita. Ƙona wurin mutane ba addini ba ne, 'yan ta-more ne ke fakewa. Kada a sa hoton.

Admin:
An gama wannan. Ba hoton ƙaramar majami'a, ba kwatance, sai in masu wurin ne suka sa da kansu. Rijiya da sikeli da tsofaffin ƙyamare a sa. Wanda ya fara zagi zan cire shi ba gargaɗi, ko Bagobiri ne ko Bazabarme.

Mushe Mai Ritaya:
Madalla. Ɗana, tunda ƙafa ta kama ka, ga abin da za ka riƙa dubawa. Ka dubi dogon yaro na bakin titi, inda sunka yi kauri sunka jeru a layi, wurin tun na farkon hawa tudu ne ko kusa da shi, inda sunka sirance gari ne na baya. Ka dubi zaure, wanda ke da dakali biyu da ƙofa mai faɗi da tsawo, ka tambaya, sau da yawa gidan mai doki ne a da. Ka dubi gine-ginen da ke da baranda da tagogin katako wajen ofisoshi, na zamanin kumandan ne. Shekarar da ka gani a bakin rijiya kuma ka rubuta ta, don magina na da sun saba sa shekara, na yanzu lambar waya suke sawa. Kuma ka yi sauri. An yi gyaran Maradi Kwalliya a 2015, gari ya yi kyau, amma kowane gyara da abin da yake tafiya da shi. Ga hanyar jirgin ƙasa daga Kano da anka aza harsashinta a 2021, in ta iso filaye za su yi tsada, mai tsohon zaure zai rushe ya yi shaguna, ba kuma mai ganin laifinsa.

Baƙon Damagaram:
To na janye rabin maganata. Rabi kawai.

Bakatsinen Ƙofar Soro:
Ina karantawa daga Katsina. Mu nan muna da Gobarau da ganuwa, amma sarautun da kuke lissafawa da yadda kuke riƙe da Iya, wasu abubuwan sai an zo wurinku ake ganin yadda suke kafin jihadi. Tafiyar ba ta kai kilomita ɗari ba, amma yawancinmu ba mu taɓa zuwa don wannan ba, sai don sari.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗan Mokoyo, ƙanwar babana tana nan da rai a Bagalam, tana budurwa ƙarama ruwan ya zo, kuma hankalinta garau. Ta san wa ya zauna ina a ƙasa, ta san gidan da aka fara ginawa a layinsu. In kana so in kai ka. Amma ka zo bayan la'asar, da safe ba ta magana da kowa, kuma kada ka ɗora mata waya a baki, ka bari in tambaye ta tukuna ko ta yarda a ɗauka.

Jikar Mishan:
Inna in an yarda ni ma zan biyo. Kakana yakan ce akwai masu bi da suka taya kwasar kaya ranar ruwan, ina so in ji ko ta tuna.

Hajiya Mai Atamfa:
Ki zo ɗiyata. Ki sa lulluɓi dai, tsohuwar ba ta da sauƙi.

Ɗan Mokoyo:
Asabar ta yi? Goro zan riƙo ko sukari?

Hajiya Mai Atamfa:
Ba ta da haƙorin goro. Sukari da sabulu. Asabar ina da biki a Zariya, a bar shi Lahadi.

Jikar Mishan:
Lahadi sai bayan ƙarfe huɗu nake samun kaina, zumuntar mata gare mu.

Hajiya Mai Atamfa:
Ai na ce bayan la'asar. Ku same ni shago, daga nan mu taka.